Yadda inuwa ta yi wa talakan Katsina nisa

Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwarta ya kai mil 13 zuwa 14, amma ya tarar mutane sun taru ne a wani ɗan ɓangare na birnin, saura kuwa gonaki ne da fako da itatuwa. Shi ya ɗauki abin a matsayin alamar birnin da ya ja baya sakamakon yaƙe-yaƙen jihadi, kuma da gaskiyarsa. Sai dai tun asali haka Hausawa ke gina birni: a ja ganuwa ta haɗiye gona da rijiya da makiyaya, don in abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya kada yunwa ta gama da mutane kafin kibiya ta same su. Ke nan Bakatsinen wancan zamani, attajiri ne shi ko bara, ba ya bukatar guzuri kafin ya zauna gindin tsamiya ko ya ji kukan hazbiya. Yana fitowa daga zaure zai same su.

Tun da Katsina ta zama hedikwatar jiha a Satumban 1987 gari ya yi ta cika. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Katsina mutum sama da 318,000, kuma duk wanda ya bi ta Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Kwaya ya nufi waje yau ya san adadin ya daɗe da zama tarihi. Gini ya cike cikin ganuwa, ya tsallake ta, ya bi hanyar Dutsin-Ma da ta Jibiya da ta Daura, har ya haɗe da Batagarawa. Wannan ba abin zargi ba ne, ɗan Adam sai da wurin kwana. Abin dubawa shi ne yadda aka raba asarar. Kowa ya rasa wani abu na fili da itace, amma ba daidai aka rasa ba.

In kana so ka gani da idonka, zaɓi wata rana a Afrilu, da ƙarfe biyu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Fara shiga GRA. Tsofaffin bedi da mangwaro sun rufe titi, wasu gidajen ma sai ka matso kake ganin rufinsu, mai gadi yana gyangyaɗi a kan benci ba abin da ya dame shi. Daga nan ka hau Keke Napep zuwa ɗaya daga cikin unguwannin da aka yanka ba tsari a bayan gari. Lungu ne da mutum biyu ba sa jerawa, kwata a tsakiya, kwanon rufi yana ƙyalli ta ko'ina. Za ka ga tsoho ya manne da katangar wani yana bin 'yar siririyar inuwarta, tana gushewa yana jan tabarmarsa. Awaki sun shige ƙarƙashin mataccen kwarangwal na mota. A cikin gida kuwa, inda ba ka gani, akwai mai jego da jariri a ɗakin da kwano ya mayar tanda, ga shi ba wutar lantarki. Rana ɗaya ce ke dukan unguwannin biyu, amma wanda ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, ba shi da janareta, wato wanda ya fi kowa bukatar itace, shi ne wanda ba shi da ko ɗaya.

Masana tsara birane suna da wani ma'auni mai sauƙin riƙewa, wanda wani masanin itatuwan birni ɗan ƙasar Holan, Cecil Konijnendijk, ya fitar a 2021: mutum ya iya hango itatuwa 3 daga gidansa, inuwar itace ta rufe kashi 30 cikin 100 na unguwarsa, kuma kada tafiyarsa zuwa fili mai itatuwa na jama'a ta wuce mita 300. Muradun ci gaba da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, waɗanda Najeriya ma ta sa wa hannu, sun ce kafin 2030 kowa ya samu irin wannan fili cikin aminci, suka kuma ambaci mata da yara da tsofaffi da masu nakasa da sunansu. Kashi 30 ɗin nan a garin da damina ba ta wuce wata huɗu buri ne mai nisa, ban ga amfanin mu yaudari kanmu da shi ba. Amma mita 300 ɗin ita ce zuciyar maganar. Duk wurin shan iskar da sai an biya kuɗin mota kafin a je, an riga an tace masu zuwansa.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a ɗauka maganin matsalar shi ne gina katafaren wurin shaƙatawa guda a bakin gari, a kewaye shi da katanga, a sa mai yankar tikiti a ƙofa. Irin wannan wuri yana da amfaninsa, musamman da Sallah. To amma lissafa wa uwa mai 'ya'ya biyar: kuɗin zuwa, kuɗin dawowa, kuɗin shiga kan kowane yaro, ga lilo da sai an sake biya, ga mai askirim ya tsaya a gaban yaran. Sau ɗaya a shekara za ta iya, in ta iya. Abin da ake nema kuwa na yau da gobe ne, wurin da yaro zai je bayan an tashi Islamiyya, tsohuwa ta taka da ƙafarta bayan la'asar.

Da muna da irin waɗannan wurare, kuma ba ɓacewa suka yi da kansu ba. Kowane gari na ƙasar Hausa yana da hurumi, filin da ba na kowa ba kuma na kowa, yana da burtali, yana da dandali. Mai unguwa da dagaci sun san iyakarsu, jama'a ma sun sani, wannan sanin shi ne takardarsu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta mayar da ikon filayen birni hannun gwamna, takardar shaidar mallaka ta zama ita ce hujja. Fuloti yana da takarda, yana da mai shi da zai je kotu a kansa. Hurumi ba shi da ko ɗaya. A taswirar sabbin unguwanni akan bar filin wasa da na shan iska, amma kowa ya san yadda labarin ke ƙarewa: shekara kaɗan sai ka ga an sauke tifar yashi, an kafa harsashi, in ka tambaya a ce ai an yanka wa wani. Su kuma unguwannin da suka tashi daga gonakin da magada suka sayar, tun farko ba wanda ya bar ko taku goma, domin kowane taku kuɗi ne.

Kududdufi shi ne misalin da ya fi ɗaure kai, saboda a kansa kowane ɓangare yana da hujja. Ramukan nan daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina tsohon birni, sannan suka zama matattarar ruwan damina. A bakinsu yaran cikin gari suka fara sanin kwaɗo da talibambam da balbela da zalɓe. Amma wanda gidansa ke bakin kududdufi zai gaya maka wani labarin daban: sauro, wari, bola, ga fargabar yaro ya faɗa. In ya ce a cike, ba mugunta ce ta sa shi ba. Matsalar ita ce ruwan sama bai san an sayar da wurin ba. In aka cike ramin aka yi gini, ruwan zai nemi ɗakin da ya fi kusa, kuma gidan ƙasa na talaka shi ke fara zubewa. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, wadda ta ci rayuka sama da 40, ta nuna abin da ruwan dare ɗaya ke iya yi a wannan yanki namu da ake kira busasshe. Tsakanin a bar kududdufi ya zama juji da a cike shi akwai hanya ta uku da ba a cika gwadawa ba: a yashe shi, a hana zuba shara, a gyara gaɓarsa ta zama gangare maimakon rami mai zurfi, a sa shinge inda yara ke wucewa, a zuba kifin da ke cin tsutsar sauro, a dasa itace a kewaye. Yana cin kuɗi, amma bai kai kuɗin magudanar kankare da za a gina don ɗaukar ruwan da ramin ke shanyewa kyauta ba.

Ko da fili yana nan, ba kowa ke iya shigarsa ba, kuma abin da ke tare kowane rukuni daban ne.

Ɗauki mata. Kakanninmu su suka fi kowa sanin ganye: tafasa, rama, yaɗiya, lalo, wane ake ci ɗanye, wane sai an dafa an zubar da ruwan fari, wane sassaƙe ake jiƙa wa mai jego. Jikarsu da ke aure a gidan haya mai ɗaki ɗaya tana iya yin wata ba ta taka ƙasar da ba siminti ba, in ba biki ko asibiti ya fitar da ita ba. Mai tsara wurin shan iska da bai san garin ba zai ce ai ƙofa a buɗe take ga kowa. A buɗe take, amma duk inuwar da ke waje ta zama majalisar maza, kuma ba macen kirki da za ta shimfiɗa tabarma a gaban samari suna kallonta, ba kuma maigidan da zai amince. Ga rashin banɗaki, wanda namiji bai cika lissafawa ba amma shi kaɗai ya isa ya hana mace mai goyo zama. Gyaran nan ba ya bukatar a yi faɗa da al'ada. A ware rana ko sa'o'i na mata da yara zalla, masu kula su zama mata, a yi makewayi mai ruwa da wurin salla. Makarantun Islamiyya na matan aure, waɗanda kusan kowace unguwa tana da su, sun riga sun warware matsalar izini da ta tafiya a ƙungiya. Malamar da ta ce yau karatu a lambu za a yi, ta fi duk wata sanarwar rediyo tasiri.

Almajirai kuma nasu akasin haka ne. Kullum suna waje, amma ko'ina korarsu ake yi. Tsangaya ta asali da daji take tafe: yara su yo itacen da za a hura wutar karatun dare, gardawa su fita kiskadi gindin itatuwa a bayan gari su yi ta tilawa. Yanzu bayan garin ya zama fuloti, makarantar ta koma zaure da bakin titi. Duk wani fili mai itatuwa da aka gyara, almajiri ne na farko da mai gadi zai ɗaga wa sanda, hujjarsa kuwa za su ɓata wurin da bahaya. Hujjar ba ƙarya ba ce, amma yaron da makarantarsa ba ta da masai ina ake so ya je? A gina masai, a ba alaramma wani yanki na filin ya zama amanarsa, ɗalibansa su yi karatun safe a ciki su kuma shayar da dashen. Na fi amincewa da itacen da aka damƙa wa tsangaya fiye da wanda aka damƙa wa kwamiti.

Masu nakasa suna da doka a bayansu, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Amma keken guragu ba ya tafiya a rairayi, kuma kwata ɗaya marar murfi a bakin ƙofa ta isa ta mayar da makaho gida. Nan gyaran ƙarami ne ƙwarai, 'yar hanya mai tauri da gangare a maimakon matakala. Abin da ya fi wuya shi ne a tuna a tambaye su, alhali suna da sarakunansu da ƙungiyoyinsu da ba a wahalar samu.

Rukunin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa, suka rakuɓe a kangaye da gidajen dangi a cikin birni. Waɗannan ba sa bukatar wani ya koya musu menene itace. Mutumin da ya yi shekara 40 yana noma a gindin gawo, ya san lokacin da kanya ke nuna, ya san ƙasar da za ta riƙe dashe da wadda ba za ta riƙe ba, yau shi ne ke tura baro a kasuwa ko yake zaune ba aikin yi. Matarsa da ta saba da tsakar gida mai faɗin gona tana wanke-wanke a gidan mutane. Duk shirin da zai zo ya ce zai wayar musu da kai kan muhalli ya juya abin a baibai. Su ne malaman. In za a ɗauki masu renon dashe da masu kula da lambun unguwa, a cikinsu ya kamata a fara nema, a kuma biya su.

Rashin tsaron nan ya sake wani abu da ba a cika faɗa ba. Dajin Rugu da ake zuwa kiwo da farauta da neman magani ya zama wurin da ake kai mutane a ɗaure. Tun bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020, wane shugaban makaranta ne zai cika mota da yara ya ce za su bayan gari ganin tsuntsaye, wane uba ne kuma zai sa hannu? Yaron da aka haifa a Katsina cikin shekaru goman nan, in ya ji an ambaci daji, bindiga yake tunawa. A da ana iya cewa in birni ya cushe sai a je ƙauye hutu wurin kaka. Ga dubban iyalai yanzu kakar ce ta dawo birni. Saboda haka abin da ya rage na itace da ruwa a cikin gari ya ƙara daraja fiye da kowane lokaci, don ga yara da yawa shi ke nan abin da za su sani.

Kuma akwai abin da ya rage. Ka bi rafin Ginzo ta wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri da sanyin safiya a cikin rani. Gari duk ya yi fari da ƙura, amma nan fangali ne jere, latas da kabeji da alayyafo da albasa kore shar. Mai lambu ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana buɗe bakin fangali da fartanya, ruwa ya shiga ya cika, ya toshe ya buɗe na gaba. Balbelu suna bin bayansa suna tsintar abin da ruwan ya taso. 'Yan gwari sun riga sun iso da buhuna, ana ciniki ƙasa-ƙasa. Sai ka duba ruwan kansa: baƙi ne, leda tana yawo a kai, domin yawancinsa abin da kwatocin gari suka zubo ne. Wuri ɗaya ya haɗa mafi kyan abin kallo a birnin da kuma abin da ya fi tayar da hankali, ganyen da za a ci ɗanye a kwaɗo ana shayar da shi da wannan ruwa.

A nan ne ake gane nufin mai shiri. Wani zai zo da zanen gyara bakin rafi, fitilu da kujerun siminti da ciyawar ado, matakinsa na farko kuwa a tashi masu lambu. An yi haka a birane da dama na duniya, a ƙawata wuri da sunan talaka, ƙawar ta jawo tsadar fili, talakan ya tashi. Masu lambun nan su suka hana bakin Ginzo zama gini ko juji tsawon shekaru, ba tare da an biya su ko kwabo ba. Abin da ya dace shi ne a tabbatar musu da zamansu a rubuce, a yi tafkunan da ruwa zai kwanta ya tace kafin ya kai ga shuka, a fitar da 'yar hanyar ƙafa a gefe yadda ɗalibai da iyalai za su iya ratsawa ba tare da taka fangali ba. Fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa ya san hurumin rijiya da na kogi, wato tazarar da ba a yarda wani ya mallake ta ya hana jama'a ba. Ba baƙon ra'ayi ba ne da za a ce daga Turai aka kwaso.

Ragowar ganuwa ma haka. Yawancinta ta tafi, wani wurin an haƙe ƙasar, wani wurin an hau kai da gini, amma inda ta saura, ita da ramin gefenta, tana ratsa unguwannin da suka fi cunkoso. A Alƙahira an taɓa samun irin wannan: tudun juji na ɗaruruwan shekaru a jikin tsohuwar ganuwar birnin, kusa da unguwar talakawa ta Darb al-Ahmar. Gidauniyar Aga Khan ta mayar da shi lambun Al-Azhar mai faɗin hekta 30, aka buɗe a 2005, aka tono ganuwar aka gyara, aka koya wa matasan unguwar aikin. Ba mu da irin kuɗinsu, kuma su ma kuɗin shiga suke karɓa, abin da ban so mu kwaikwaya ba. Darasin kawai shi ne kufai da juji a tsakiyar talakawa fili ne, in an dube shi da idon fili.

Sai batun dashe, inda muka fi yawan ruɗin kanmu. Katsina ba baƙuwar dashen itace ba ce. Shirin da Tarayyar Turai ta tallafa wa daga 1987 ya kafa shingayen itatuwa a arewacin jihar, ya raba dashe ga manoma da makarantu, kuma da yawa daga bedin da ake shan inuwarsu yau daga wancan lokacin suke. Jihar tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka. Amma waɗannan shirye-shirye hamada suke kallo, ba lungun cikin gari ba. A birni abin da muka saba gani shi ne bikin dashe: a kafa rumfa a watan Yuli ko Agusta, babban baƙo ya tsuguna ya sa dashe a rami, a zuba ruwa da sabuwar buta, a ɗauki hoto. Zuwa Janairu akuya ta cinye kan, zuwa Afrilu ko karan babu. Itace a Katsina ba ranar dasa shi ake gane ya kama ba, sai ya tsallake rani biyu. A Firitawun ta ƙasar Saliyo, shirin da magajiyar garin Yvonne Aki-Sawyerr ta fara a 2020 ya gane wannan: mazauna unguwa ake biya su kula da dashen, su riƙa ɗaukar hotonsa da waya lokaci-lokaci, kuɗin yana bin rayuwar itacen. Kusa da mu ma, 'yan'uwanmu na Maraɗi sun farfaɗo da miliyoyin itatuwa tun daga shekarun 1980 ba tare da dashe ba, ta hanyar sassaben zamani, wato a bar tohon kututturen da ke cikin ƙasa, a rage rassan a bar masu ƙarfi. A makabartu da gefen makarantu da bakin rafi akwai irin waɗannan kututture na aduwa da magarya da kalgo suna jiran a ƙyale su kawai.

Zan ƙara da cewa mun cika dogara da bedi. Yana da saurin girma, akuya ba ta cika damunsa ba, ya yi mana rana. Amma baƙo ne daga Indiya, kuma yaro ba ya tsinkar komai a kansa ya kai baki. Abin da ke jawo yaro ga itace shi ne abin da zai ci: kurna, magarya, kanya, tsamiya, ɗinya, goruba. Hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Ci aka ambata. In ana so yaran unguwa su tsare itace da kansu, a dasa wanda za su yi rigimar 'ya'yansa.

Akwai hujjoji biyu da ake kawowa a kan duk wannan, kuma ba na raina su. Ta farko, talakan da ake yi dominsa shi ne zai sare itacen. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma gas ya yi tsada, gidaje da yawa sun koma gawayi da itace, kuma wanda tukunyarsa ke jira ba ya jin wa'azin muhalli. Gaskiya ne. Amma lura da itacen da ake sarewa: wanda ba shi da mai shi ne. Ba wanda ke ɗora gatari a kan durumin ƙofar masallaci ko ceɗiyar da mai unguwa ke zama a gindinta. Ta biyu, fili mai duhuwa maɓoyar ƙauraye ce da 'yan shaye-shaye. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ya sa wasu unguwanni da kansu suke roƙon a sare ko a gine. Sai dai abin da ke jawo su shi ne wurin da ba kowa, ba itacen ba. Katanga mai tsawo da ƙofa a kulle ita ke ba su sirrin da suke so. Filin da mai shayi ya kafa tebur a gefensa, tsofaffi suna dara, mai faci yana aiki, mata suna ratsawa zuwa ɗebo ruwa, ya fi wanda aka sa wa mai gadi ɗaya tsaro. Don haka masu ƙananan sana'o'in da ake fara kora in an gyara wuri, su ya kamata a fara ba gurbi, da sharaɗin shara da ban-ruwa.

In aka bi ta wannan hanya, za a ga ba sai an sayi sabon fili mai yawa ba. Makarantun firamare na gwamnati suna cikin kowace unguwa, da yawansu da fili fetal ba inuwa, kuma daga azahar a rufe suke. Filayen idi sau biyu a shekara ake cika su. Kowane masallaci yana zubar da ruwan alwala sau biyar a rana zuwa cikin kwata, ruwan da in aka karkata shi zai raya itace uku ko huɗu har ƙarshen bazara. Attajiran da ke gina masallaci a inda wani masallacin ke kallonsa za su iya yin wakafin fuloti biyu a tsakiyar unguwa, da rijiya da itatuwa, in malamai sun nuna musu cewa wannan ma sadaka ce mai gudana.

Duk wannan yana tsaye ne a kan abu biyu marasa armashi, waɗanda ba a kiran 'yan jarida a kansu. Na farko rajista: a bi unguwa-unguwa tare da masu unguwanni da dattawa, da mata da matasa, a rubuta kowane kududdufi da hurumi da guntun ganuwa da filin da taswira ta bari, a auna, a ba shi takarda da sunan jama'ar unguwar, a kafa allo a wurin, a liƙa kwafi a ƙofar hakimi. Filin da mutum ɗari suka san lambar takardarsa yana da wuyar yankawa da dare. Na biyu albashi: a cikin duk naira da aka ware wa dashe, kaso mafi girma ya tafi ga wanda zai ɗauki jarka daga Nuwamba zuwa Yuni, shekara biyu a jere, da kuma kwandon ƙaya ko zagayen bulo da zai tare akuya. Kasafin kuɗinmu ya fi son abin da ake ƙaddamarwa a kan abin da ake kulawa da shi, kuma kwangilar sayo dashe dubu ta fi ladan mai ban-ruwa goma daɗin sa hannu. Rajistar ce ta fi gaggawa, domin ana iya dasa itace baɗi, amma filin da aka zuba wa kankare bana sai dai a biya diyya kafin a karɓo shi, kuma ba gwamnatin da za ta rushe gidan mutum don ta dasa kanya.